Bawul, wuta mai ƙarfi da hasken eksire: tambayoyi da amsoshi ga masu gyara a Jidda

Duk mai gyaran da ke leƙa Haraj Sawarikh a kudancin Jidda ya san tsofaffin kayan lantarki masu bawul, wato kwalbar gilashin da wuta ke ratsawa ta cikinta, ba su ƙare ba. Akwai rediyo mai akwatin katako, akwai amfilifayar jita, akwai ta lasifikar masallaci ta zamanin da. 'Yan'uwanmu matasa daga Karantina da Sabil, har da masu zuwa daga Makka, suna saye suna tayar da su, wasu ma suna harhaɗa nasu tun daga tushe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan zuwa game da ɓangaren da ke ba na'ura wuta, musamman bawul ɗin rektifaya, wanda ke mayar da wuta mai kai-da-komo ta zama mai tafiya gefe guda.

Malam, da gaske ne bawul ɗin rektifaya yana fitar da eksire, hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti?

Yana iya fitarwa, amma ba kowane bawul ba, kuma ba a kowane ƙarfin wuta ba. A cikin kwalbar babu iska. Zaren da ke ciki yana yin zafi ya saki ilektaron, wutar da ke kan farantin ƙarfen ta fizgo su, su zo su doke shi da gudu. Tsayawar da suke yi farat ɗaya ita ke haifar da eksire. Kusan duk ƙarfin gudun nan zafi yake komawa. Ko a na'urar asibiti abin da ke zama eksire bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba. Da kwalba mai kama da wannan, wadda aka zuƙe mafi yawan iskarta, Wilhelm Röntgen ya gano hasken a birnin Würzburg na Jamus a watan Nuwamban 1895, shekaru tara kafin John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul ɗin rektifaya a 1904. Ka ga ashe 'yan gida ɗaya ne.

Abin da ya raba su shi ne yawan bolt. Ƙarfin ratsawar hasken ba ya taɓa wuce ƙarfin wutar da ta jefo ilektaron ɗin. Amfilifayar da ke aiki da bolt 450 ba za ta iya haifar da hasken da zai ratsa gilashin kwalbarta ba, ko da kuwa ta kwana a kunne.

To daga bolt nawa ne mutum zai fara damuwa?

Ƙa'idojin kariya na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, sun ba da damar a cire na'urar da ƙarfin haskenta bai wuce na bolt 5,000 ba daga cikin abin da ake sa wa ido. Tsakanin 5,000 da 10,000 hasken yana samuwa a cikin kwalbar, amma gilashi yana shanye kusan dukansa. Daga nan zuwa sama lamarin yana sauyawa da sauri ƙwarai, domin abu biyu ne ke ƙaruwa lokaci guda: yawan hasken da ake haifarwa, da kuma kason da ke iya kutsowa ta gilashi. Shi ya sa ƙarin bolt dubu biyu ko uku a wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne.

Ni ka'idata a shago ita ce, duk bawul ɗin da ke ganin bolt 15,000 ko sama da haka ina ɗaukar sa a matsayin na'urar eksire har sai an gwada an tabbatar ba haka ba. Talabijin mai kala na zamanin bawul yana aiki da kusan bolt 25,000. Na'urar da ake ɗaukar hoton mama da ita a asibiti tana aiki tsakanin 25,000 da 35,000. Ka dubi waɗannan lambobi biyu gefe da gefe, za ka gane dalilin da ya sa ba na wasa da wannan mataki.

Amma ai rektifaya bolt kaɗan yake ci a tsakanin zare da faranti. Daga ina eksiren zai fito?

Wannan tambaya ta mai lura ce, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Gaskiya ne, lokacin da bawul ke barin wuta ta wuce, abin da ke tsakanin zarensa da farantinsa bolt goma-goma ne kawai. Sai dai rektifaya kamar ƙofa ce mai buɗewa gefe guda: a rabin zagayen da take rufe ne duk nauyin turin yake sauka a kanta. A wannan lokaci bawul ɗin yana riƙe da wutar taransifoma haɗe da wadda kwandansa, wato ma'ajiyar caji, ya tara, wato kusan ninki biyu na wutar da ake fitarwa. Idan na'urarka tana ba da bolt 12,000, bawul ɗin yana iya ganin sama da 24,000 ta baya.

A irin wannan matsi, wutar tana iya fizgo ilektaron daga jikin ƙarfe mai sanyi, daga wani ɗan tsini ko gefen faranti da bai goge ba, su bi hanyar baya da cikakken gudu. 'Yan kaɗan ne, mita ba za ta nuna maka su ba, amma su ne masu eksire. Hanya ta biyu ita ce zaren da ya tsufa ko wanda ba a ba shi isasshiyar wuta ba. Idan bai saki ilektaron yadda ake buƙata ba, bolt ɗin da ke tsakaninsa da faranti sai ya haura sama sosai ko da a rabin zagayen da yake buɗe. Saboda haka rage wutar zare da nufin wai a tsawaita ran bawul mai ƙarfin wuta kuskure ne mai haɗari.

An taɓa samun wanda abin ya cutar, ko tsoro ne kawai?

An samu matsala ta gaske. A 1967 kamfanin General Electric na Amurka ya sanar cewa kusan talabijin 90,000 masu kala da ya sayar suna fitar da eksire fiye da kima. Laifin na bawul ɗin da ke daidaita babbar wutar ne, kuma hasken ta ƙasan akwatin yake fita. Wannan ya taimaka wajen kafa dokar kariya daga hasken kayan lantarki a Amurka a 1968, kuma aka tsayar da iyaka: kada talabijin ya wuce milirontgen (ma'aunin yawan hasken) 0.5 a awa idan an auna a nisan santimita 5 daga jikinsa. Daga baya masana'antu suka fito da sabbin samfuran bawul masu gilashin da aka gauraya da dalma, irin su 6BK4C da 3A3C. A Turai takwaran bawul mai daidaita wutar shi ne PD500, kuma dukansu a cikin kejin ƙarfe suke zaune.

Wanda ya taɓa buɗe bayan irin wannan talabijin ya ga kejin: ɗan akwatin ƙarfe a kusurwa, kusa da taransifomar babbar wuta, da murfi mai sukurori da takardar gargaɗi manne a jiki, ƙura baƙa ta lulluɓe komai domin wutar tana jawo ta. Wannan keji ba ado ba ne. Mai gyaran da ya cire shi ya kunna talabijin yana leƙe da fuskarsa kusa, shi ne wanda ya fi kowa kwasar hasken, ba mai kallo daga kujera ba.

Mafi muni shi ne abin da ya faru da masu gyaran na'urorin rada masu gano jiragen sama na sojan Jamus, waɗanda suka yi shekaru suna aiki kusa da manyan bawul ba tare da kariya ba. Da yawa sun kamu da ciwon daji, har gwamnati ta kafa kwamitin masana da ya ba da rahoto a 2003.

Ina samun bawul na talabijin irin su 1B3GT da DY86 da arha. Zan iya sa su a amfilifaya?

A'a. An yi su ne su jure bolt sama da dubu ashirin amma su wuce da wuta 'yar mitsitsiya, abin da bai kai miliamfa ɗaya ba ga waɗannan biyun. Amfilifaya tana son miliamfa 100 zuwa 250. Ba su da amfani a nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke haɗa waɗannan bawul da taransifomar tsohon talabijin don su ga gilashin yana walƙiya kore-kore. Wannan na'urar eksire ce marar kariya, a ɗakin da ƙila akwai mai ciki ko jariri. Hasken ba a ganinsa, ba a jin zafinsa a lokacin, ƙunar fata ma sai bayan kwanaki ko makonni take bayyana. A Saudiyya mallaka da sarrafa na'urar da ke fitar da irin wannan haske suna ƙarƙashin hukumar sa ido kan nukiliya da haske mai ratsa jiki, wadda aka kafa a 2018. Baƙo da ke zaune da iƙama ba shi da dalilin jawo wa kansa wannan magana.

Wane bawul ya dace da amfilifaya ko rediyo na gida?

Abu huɗu za ka duba a takardar bayanin masana'anta, kuma kada ka tsallake ko ɗaya: wutar da zaren ke ci, yawan miliamfa da zai iya bayarwa, bolt ɗin da zai jure ta baya, da girman kwandansan da aka yarda a sa masa a gaba.

Ga ƙaramin rediyo ko matakin farko na amfilifaya, 6X4 yana ba da miliamfa 70, EZ80 yana ba da 90, dukansu da zaren bolt 6.3 mai cin amfa 0.6. Idan kana da bawul EL84 guda biyu a matakin ƙarshe da ke tura sauti zuwa lasifika, EZ81 ne abokin tafiyarsu: miliamfa 150, zarensa amfa 1. Daɗin waɗannan shi ne zarensu ba a haɗe yake da katod ba, wato sashen da ke sakin ilektaron, don haka yawanci suna iya shan wuta daga naɗin 6.3 ɗin da sauran bawul ke sha.

Daga nan sai dangin bolt 5 masu ƙafa takwas. 5Y3GT yana cin amfa 2 ya ba da miliamfa 125. 5U4GB yana cin amfa 3 ya ba da 275, yana kuma riƙe bolt kusan 50 a jikinsa idan an ɗora masa cikakken kaya. GZ34, wanda Amurkawa ke kira 5AR4, yana cin amfa 1.9 ya ba da 250, kuma abin da yake riƙewa bai kai bolt 20 ba. Waɗannan dole su sami nasu naɗin taransifoma su kaɗai, domin babbar wutar tana zaune a kan zaren kansa.

Idan aka bar ni in zaɓa wa sabon aiki, GZ34 nake ɗauka. Yana ɗumama a hankali, don haka babbar wutar ba ta faɗa wa sauran bawul da kwandansa tun suna sanyi. 5Y3 da 5U4 kuwa cikin daƙiƙa biyu ko uku sun saki wuta, a lokacin babu mai jan ta, sai bolt ya haura na ɗan lokaci. Masu jita da yawa suna son 5U4 da 5Y3 saboda yadda wutar ke ɗan lanƙwasawa idan an buga da ƙarfi, sautin ya yi laushi. Wannan zaɓin kunne ne, ba ni da ja da shi.

Lissafin wutar baya mai sauƙi ne. A taransifoma mai waya a tsakiyar naɗinta, ka ninka bolt ɗin gefe ɗaya da 2.83. Mai 350-0-350 zai ɗora wa bawul kusan bolt 990. GZ34 yana jure 1,500, akwai sarari. Mai 600-0-600 kuwa ya kai kusan 1,700, ya wuce ƙarfinsa, sai ka nemi 5R4GY mai jure 2,800. Duk waɗannan lambobi suna can ƙasa da inda maganar eksire take farawa.

Soket ɗinsu ɗaya. Me zai hana in cire wannan in sa wancan?

Shigar ƙafa a soket ba ta nufin komai. Ka cire 5Y3 ka sa 5U4, ka ƙara wa naɗin zare amfa guda cur, taransifoma ya riƙa dahuwa a hankali har wata rana ka ji ƙaurin fenti. Ka cire 5Y3 ka sa GZ34, babbar wutar za ta tashi da bolt 30 zuwa 40, kuma tsohon kwandansa mai tambarin 350 ba lallai ya ɗauka ba. Bayan kowane canji sai an sake auna wuta da kuma abin da bawul ɗin ƙarshe ke ja.

Me ya sa sabon GZ34 nawa yake yin tartsatsi a ciki idan na kunna?

Galibi kwandansan farko ne ya yi masa girma. Kwandansa marar caji yana zuƙar wuta da yawa a tashin farko, kuma ko bayan ya cika, a ɗan tsinin kowane zagaye yake karɓar nasa da ƙarfi. Iyakar GZ34 mikrofarad 60, ta EZ81 50, 5U4GB kuwa a kan 40 aka saba lissafa shi. Mutane suna sa 220 don su kashe gurnanin lasifika, sai ka ga farin walƙiya tsakanin katod da faranti, fis ya tsinke. Maganin gurnani shi ne ƙaramin kwandansa a gaba, cok (naɗin waya a kan ƙarfe) ko rezista a tsakiya, sannan babban a baya. Kashewa da sake kunnawa nan take alhali bawul yana da zafi shi ma yana jawo haka. Ka ba shi minti guda.

Bawul 866A yana da kyan gani. Ya dace da nan?

Yana da kyau kam. Idan ka ɗaga shi a haske za ka ga ɗigon zaiba manne a gilashin, kuma idan yana aiki shuɗin haske ne ke cika tsakiyarsa yana motsi da sauti. Zarensa bolt 2.5 amfa 5, yana jure 10,000 ta baya, yana riƙe kusan 15 kawai. Amma sharuɗɗansa da yawa. Sai an kunna zare aƙalla daƙiƙa 30 kafin a saki babbar wuta, idan kuwa an yi jigilarsa sai an bar zaren ya daɗe yana ɗumama har zaibar ta koma ƙasa. Dole ya tsaya a miƙe. Juriyarsa ta baya tana raguwa idan zaibar ta wuce kusan digiri 60, kuma wanda ya san shago marar sanyaya ɗaki a Jidda cikin watan Agusta ya san cikin akwatin na'ura ba ya da nisa da wannan. Ga shi idan ya fashe a ɗaki tururin zaiba guba ne. Mai buƙatar wannan mataki ya nemi 3B28, mai iskar zenon: soket ɗaya, zare ɗaya, babu zaiba, kuma ya fi jure zafi.

Shuɗin hasken da nake gani a bawul ɗina eksire ne?

A'a, eksire ba a ganinsa. Shuɗi a jikin gilashin kansa ilektaron ne da suka kauce suka doki gilashi, ba matsala. Ruwan hoda ko shunayya a tsakanin faranti da katod na bawul marar iska alama ce iska ta shiga, a canza shi. Haka idan azurfar da ke saman kwalbar ta koma fara kamar alli.

Na sayi na'urar Geiger mai gano haske mai ratsa jiki, ba ta yi ƙara ba. Na tsira?

Kada ka dogara da shirunta. Masu arha yawanci suna da bututu mai bangon ƙarfe ko gilashi, kuma wannan bango yana tare eksire mai rauni irin na bolt 15,000 zuwa 25,000 kafin ya shiga ciki, alhali fatarka da idonka suna shan sa. Ana buƙatar mai siririyar taga ko na'urar aunawa da aka daidaita don wannan mataki. Kariya ta gaskiya ita ce kejin ƙarfe a rufe, ɗan gajeren lokaci, da nisa: ka ninka nisanka sau biyu, hasken ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Wutar Saudiyya tana da wani tasiri?

Tana da shi. Tun 2010 aka yanke shawarar komawa bolt 230, amma har yanzu akwai tsofaffin gidaje masu 127 da 220. Amfilifayar Amurka da aka yi wa 117, idan ka ba ta 127, komai ya tashi da kusan kashi 9 cikin 100: zaren bolt 5 ya koma 5.4, naɗin 350 ya koma 380. Ka auna soket ɗin bangon kafin ka yarda da shi. Sannan wutar nan zagaye 60 take yi a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. Taransifomar da aka naɗa don 60 kaɗai za ta fi zafi idan ka aika da na'urar Kano ko Omdurman, gurnanin lasifika ma zai ƙaru.

Ba gara in sa dayod, ɗan ƙaramin rektifaya marar kwalba, in huta ba?

Ga mafi yawan ayyuka, e. 1N4007 yana jure bolt 1,000 da amfa 1, ba ya cin wutar zare, ba ya haifar da eksire. A taransifoma mai 350-0-350 ka jera biyu a kowane gefe. Ka dai tuna wutar za ta tashi sama da ta bawul kuma za ta zo nan take. Duk aikin da ya wuce bolt 10,000 kuwa, ba na ganin hujjar amfani da bawul a yau.

Idan eksire ba ya cikin amfilifayata, mene ne haɗarin?

Wutar kanta. Miliamfa 50 zuwa 100 idan suka ratsa ƙirji suna iya rikita bugun zuciya, kuma taransifomar amfilifaya tana ba da ninkin haka. Gumi yana rage juriyar fata sosai, mu kuwa a gaɓar teku muke aiki, hannu a jiƙe. Kwandansa yana riƙe caji bayan an zare filogi, don haka ka sa masa rezista mai zubar da caji na dindindin: kilo'om 220 mai wat 2 a kan bolt 450 yana cin ƙasa da wat 1, yana kuma sauke mikrofarad 100 cikin kusan minti biyu. Duk da haka ka auna da mita kafin ka taɓa, domin rezistan ma yana iya yankewa. Hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, a cire zobe da agogo, kuma kada ka yi aikin kai kaɗai a shago. Taransifomar tandun maikurowef da wasu ke cirowa don arha tana ba da kusan bolt 2,000 da wutar da ta isa kisa nan take. Ba kayan koyo ba ce.

Idan wuta ta kama wani a gabanka, kada ka taɓa shi da hannu. Ka kashe babban makunni ko ka zare filogi, ka kira motar agaji ta Hilal Ahmar a 997, idan ba ya numfashi ka fara danna ƙirjinsa har su iso. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.